Ciniki na Fiƙihu, Hukunci na Wata Doka: Bankin Musulunci a Idon Magarya da Dungas

Ranar Alhamis da sassafe, wanda duk ya tsaya a bakin hanyar da ta fita daga Dungas ta nufi Maigatari zai ga abin da ke riƙe da wannan yanki: shanu da raguna da raƙuma a gaba, buhunan wake da riɗi a kan manyan motoci, fatake kuma kowa da aljihu biyu, ɗaya na sefa ɗaya na naira. Haka abin yake a hanyar Magarya zuwa Tinkim da Babban Mutum. Kuɗi masu yawa ke sauya hannu a yini guda, amma ƙalilan ne ke bi ta banki. In saƙo za a aika Damagaram ko Yamai, a je Nita ko Al Izza. In ajiya ce, akwai amintaccen ɗan kasuwa, akwai saniya a turke, mata kuma suna da adashinsu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 930 a gundumomin Magarya da Dungas a haɗe, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Ka zauna da dattijo ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi me ya hana shi buɗe asusu a banki. Zai kawo maka nisa da yawan takardu, amma kafin ya rufe baki sai ya ƙara da cewa shi ba ya son kuɗin ruwa.

Ga irin wannan dattijo aka ce an kawo bankin Musulunci. Tambayar da ta dame ni ita ce: ranar da ciniki ya lalace tsakaninsa da bankin, gaban wa za su tsaya, kuma da wane littafi za a yi musu hukunci?

Kafin in shiga, akwai wani abu a bakinmu da ya kamata a warware. A rubutun boko kalma ɗaya muke rubutawa, riba, alhali kalmomi biyu ne. Akwai ribar ɗan kasuwa, wadda ake yi wa mutum addu'ar Allah ya ba shi, akwai kuma riba wadda malamai ke wa'azi a kanta. A furuci kunne na rarrabe su, a takarda sai mai karatu ya lura. Dukan gardamar bankin Musulunci tana zaune a tsakanin kalmomin nan biyu. Fiƙihu ya ce ƙarin da ya fito daga saye da sayarwa, ko haya, ko haɗa jari, halal ne, don mai shi ya ɗauki kasadar asara. Ƙarin da ya fito daga bashi tsagwaronsa haramun ne komai ƙanƙantarsa. Dokar banki da muka gada kuwa an gina ta a kan cewa banki mai ba da rance ne, ladansa ruwa, abin da kawai aka hana shi shi ne ya wuce iyaka.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1983 kamfanin Dar al-Maal al-Islami ya kafa Masraf Faisal a Yamai, a lokaci guda da takwarorinsa na Senegal da Gini. Shi ne ya koma BINCI a 1997, daga baya ya zama Bankin Musulunci na Nijar, BIN. Amma shekara 35 aka yi irin waɗannan bankuna suna aiki a kan izini na musamman, ƙarƙashin dokar da ba don su aka ɗinka ta ba. Sai a watannin Maris da Mayu na 2018 Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, ya fitar da umarni huɗu, biyu na bankuna biyu na ƙananan asusun bashi. A ciki aka bayyana murabaha da ijara da salam da istisna'i da mudaraba da musharaka, aka ba bankin ruwa damar buɗe reshen Musulunci muddin ya raba lissafinsa, aka kuma wajabta wa kowanne ya kafa majalisar malamai masu duba ayyukansa. A watan Yunin 2023 majalisar ministocin ƙasashen sefa ta amince da sabuwar dokar banki ta bai ɗaya da ta shigar da wannan hada-hada cikin jikinta. Ci gaba ne na gaske, ba na raina shi.

Sai dai banki ba a ƙarƙashin doka ɗaya yake kwana ba. Ƙa'idar aiki daga BCEAO a Dakar take zuwa, masu bincikensa suna Abijan. Dokar kasuwanci, da ta jingina, da ta karɓo bashi, na OHADA ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 wadda ƙasashe 17 ke ciki, kuma dokokinta suna gaba da na kowace ƙasa. Kotun ƙolinta ma tana Abijan. Tushen dokar alkawari daga kundin farar hula na Faransa aka gado shi. Haraji kuwa a Yamai ake yanka shi. Umarnin babban banki yana ɗaure banki da mai bincikensa, amma bai goge ko layi ɗaya daga waɗancan kundaye ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ita ma ba ta taɓa wannan tsari ba, domin har yanzu muna cikin ƙungiyar sefa da OHADA.

Mu sauko ƙasa da misali. A ce mai lambu ne a fadamar Waca, yana noman rake da kayan miya, yana son injin ban ruwa da bututunsa na jika 500, wato sefa 500,000. Bankin ruwa zai ba shi kuɗin ya ɗora masa ruwa. Bankin Musulunci kuwa, a murabaha, shi zai je wurin mai shago ya sayi injin, ya zama nasa, sannan ya sayar wa mai lambu a kan jika 575, biya wata-wata har shekara. Farashi ya tsaya cak, ba ya ƙaruwa. Sharaɗin da malamai ba sa sassautawa shi ne injin ya shiga mallakar banki da gaske kafin ya sayar, ta yadda in ya lalace a wannan ɗan tsakani asarar ta banki ce. Wannan ɗan tsakanin shi ne halaccin jika 75 ɗin.

Kuma nan ne doka ta fara tuntuɓe. Dokar banki ta 2008 ta hana banki shiga kasuwanci ko noma ko masana'anta, sai abin da aikinsa ya tilasta. Murabaha kuwa kasuwanci ce tsantsa. An buɗe wannan ƙofa da sababbin ƙa'idoji, amma mai karɓar haraji yana nan a bakinta. A idonsa an yi ciniki biyu, daga mai shago zuwa banki, daga banki zuwa mai lambu, harajin TVA kuma a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. In gida ne ko fili, kuɗin rajistar sauya mallaka na iya hawa sau biyu. Duk ƙasar da dokar harajinta ba ta fito fili ta ce a ƙirga ciniki biyun a matsayin ɗaya ba, mai gudun riba zai biya fiye da mai cin bashin ruwa. Ingila ta gane haka tun 2003, ta cire ninkin harajin sayen gida. Faransa ta bi bayanta da umarnin haraji a 2009 da 2010. Inda ba a gyara ba, abin da ke faruwa ya fi tsada muni: banki, don kauce wa ninki, sai ya wakilta mai lambu ya je ya sayi injin da kansa, rasit ya fito da sunansa, mallakar banki ta zama ta fatar baki. Daga nan malami zai ce wannan ai rance ne aka sa masa rawani, kuma yana da gaskiya.

Tuntuɓe na biyu ya fi ban sha'awa. A 2014 aka sa iyakar ruwa a ƙasashen sefa kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi, kuma dokar da ke hukunta wuce iyaka tana ɗaukar sayarwa a kan biya kaɗan-kaɗan tamkar rance. Jika 75 a kan 500 kashi 15 ne in an duba sama-sama. Amma tunda mai lambu yana rage bashin kowane wata, in aka bi lissafin da doka ke bi, abin ya haura kashi 25 a shekara. Ke nan cinikin da malami ya halatta na iya zama laifi a gaban alƙali, rancen da malami ya haramta kuma yana tafiya lafiya muddin yana ƙasa da iyaka. A nan ni ina bayan doka. Fiƙihu bai yanka wa ɗan kasuwa iyakar riba ba saboda a kasuwa ana tayi, mai saye na iya juya baya ya tafi rumfar gaba. Mai lambun Waca ba shi da rumfar gaba. Sunan Musulunci bai kamata ya zama ƙofar tsawwala wa talaka ba, iyakar ta hau kan kowa.

Na ukun shi ne ranar da biya ya gagara. Rijiya ta ƙafe, ko farashin rake ya faɗi, ko an rufe iyaka kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Bankin ruwa lissafinsa na ci gaba da hawa, doka kuma ta ba mai bin bashi ikon neman ruwan jinkiri daga ranar da ya aika takardar gargaɗi. Bankin Musulunci ba shi da halin ƙara ko dala ɗaya a kan jika 575. Wanda ya gaza don babu, sai a yi masa jinkiri. Mai taurin bashi da gangan ne ake ci tara, tarar ma ba ta shiga aljihun banki, sadaka ake yi da ita, ra'ayin da malaman zamani suka ɗauko daga wasu malaman Malikiyya. To mutumin da ake bi bashi a wuri biyu, wa zai fara biya? Wanda bashinsa ke haihuwa mana. Alƙali kuma da aka kawo wa takarda, shin zai ga ciniki ne ya duba ko banki ya mallaki injin, ko zai ga rance ne ya yanke da ruwansa?

Abin da ke ba ni ciwo shi ne, a kotun Magarya fiƙihu ba baƙo ba ne. Dokar tsarin shari'a ta Nijar ta ce a yi aiki da al'adar masu ƙara a aure, saki, gado, kyauta da gonakin da ba su da rajista, alƙali kuma yana zama da mataimaka masana al'ada, wadda a ƙasarmu galibi Malikiyya ce. Sarakuna ma doka ta ba su ikon sulhu. Amma da zarar magana ta zama ta banki, kujerar malami sai a ɗauke ta. Garin da ake karanta Risala da Muhtasar a zaure, ana bitar babin ciniki da salam da ƙiradi, wato mudaraba a bakin Malikawa, a nan ne za a yanke hukuncin ƙiradi ba tare da an tambayi wanda ya karanta shi ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta saurari rikicin Bankin Shamil na Bahrain da kamfanin Beximco na Bangladesh. Takardarsu ta ce dokar Ingila za ta yi hukunci bisa kiyaye ƙa'idojin Shari'a. Da biya ya gagara, masu bashin suka ce ai cinikin riba ne a ɓoye, don haka ba ya kansu. Kotu ta ce alkawari ɗaya ba ya zama ƙarƙashin doka biyu, ta yi hukunci da dokar Ingila kaɗai. A 2017 kamfanin Dana Gas na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tashi ya ce sukuk ɗinsa, wato takardun neman jari na Musulunci, na dalar Amurka miliyan 700 ya saɓa wa Shari'a, a daidai lokacin da biya ya matso. Wannan ita ce ɓarakar: wanda ya ci moriyar ciniki yana iya juyowa ya fake da addini don kada ya biya, in babu hukuma guda da maganarta ke yanke gardama.

Maƙwabtanmu da ke ƙetaren Tinkim sun sha tasu. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya fitar da ƙa'idojin banki maras ruwa a 2011, ƙura ta tashi, Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta ja daga. Bankin Jaiz ya buɗe a Janairun 2012 da rassa a Abuja, Kano da Kaduna, cikin shekarar nan kuma Mai shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya ya furta cewa lasisin ba shi da madogara a doka, ko da yake ya kori ƙarar saboda mai ƙara ba shi da hurumin kawo ta. Jaiz ya tsira, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Amma har yau tsarin mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, waƙafi da makamantansu. A Kano ma, inda kotunan Shari'a ke aiki, rikicin murabaha da banki ba hanyar wannan kotu yake bi ba. Fatakenmu masu asusu a Daura ko Kano su san da haka.

Maleshiya ce ta kama bakin zaren. Dokar babban bankinta ta 2009 ta ce duk tambayar Shari'a da ta taso a ƙarar hada-hadar Musulunci, kotu ta miƙa ta ga majalisar malamai ta babban banki, amsar kuma ta ɗaure alƙali. An ƙalubalanci wannan, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da shi a 2019 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Ƙarancin rinjayen ya nuna nauyin maganar, domin alƙali ba ya son a karɓe masa alƙalami. Duk da haka, kotu ɗaya ce, doka ɗaya, an dai san bakin da za a tambaya.

Akwai sauran wuraren gogayya da zan wuce da sauri. Asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa yana mayar wa mai ajiya har sefa miliyan 1.4 in banki ya rushe, alhali ajiyar mudaraba a fiƙihu jari ce da ke iya riba ko asara. Bankin ruwa in kuɗi suka yanke masa yana rantowa daga BCEAO kowane mako, in sun yi masa yawa ya sayi takardun bashin gwamnati; duka biyun ruwa ne, bankin Musulunci ba ya iya taɓawa da hannu biyu. Ko sukuk ɗin farko na yankin, na Senegal a 2014 mai sefa biliyan 100, sai da aka ara masa rigar wata doka ta daban kafin ya fito.

Amma duk wannan maganar birni ce in ba ta iso gona ba. Mutumin Bande ko Guci ko Malawa ba gida zai saya da bashi ba. Damuwarsa watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gona na neman taki da ƴan ƙwadago. A nan ne yake faɗawa hannun mai ba da bashin damina, a ba shi kuɗin tiya ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya shiga a-ci-ba-daɗi, ya karɓi kaya bashi da tsada ya karyar nan take. Fiƙihu yana da amsar wannan tun fil azal, ita ce salam: a biya manomi kuɗin wake ko gero yanzu, a faɗi mudu, a faɗi iri, a sa lokaci, Malikawa ma sun yarda lokacin ya zama na girbi. Umarnin 2018 ya san da salam. Amma bankin da zai yi ta sai ya karɓi buhuna, ya tanadi sito, ya sayar, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi, ƙa'idojin kiyaye jari kuma an auna su ne da mai ba da rance. Shi ya sa ko'ina a duniya bankunan Musulunci suka fi raja'a ga murabaha, wadda ta fi kama da rance, suka bar salam da ƙiradi a littafi. Cinikin da manomi ya fi buƙata shi ne wanda doka ta fi bari ba gata.

Abin takaicin, rabin aikin an riga an yi shi a ƙauyukanmu. Tsarin warantaji da ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 kowa ya san shi: ƙungiyar manoma ta tara amfaninta da kaka a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusun bashi, a ba su rance, in farashi ya tashi da bazara a buɗe a sayar a biya. Sito yana nan, amana tana nan. Ruwan wata-wata da ke kan rancen ne kaɗai ke sa wasu ja da baya, kuma ana iya sake ƙulla shi a kan kuɗin hayar sito na gaskiya, ko sayar da taki da iri ta murabaha amfanin gona na matsayin jingina.

Jinginar gona kuwa ta fi kowanne nuna yadda dokokin suka juya wa juna baya. Mutum ya karɓi kuɗi ya ba da gonarsa, mai kuɗi ya yi ta nomawa har ranar da aka biya shi. Malamai da yawa suna ganin wannan bashi ne da ya jawo amfani, Malikawa ma ba su yarda a ci amfanin jingina ba in bashin na rance ne. Amma kwamitocin ƙasa da Dokar Karkara ta 1993 ta kafa, waɗanda muke kira Kofo, suna ba da takardar shaidar irin wannan jingina. A ɗaya gefen, dokar OHADA ta ce fili mai cikakkiyar rajista ne kaɗai banki zai riƙe jingina a kansa, gonakin Dungas kuwa galibi gado ne da shaidar maigari. Jinginar da malami ke shakka tana da takardar hukuma, wadda zai amince da ita kuma ba ta da hanyar hawa kan gonar.

Wasu za su ce a huta, a haramta ruwa gaba ɗaya kamar yadda Pakistan ta ɗaura niyya, inda kotun Shari'a ta tarayya ta ba da wa'adi a 2022, aka kuma sa 1 ga Janairun 2028 cikin tsarin mulki. Ban ga wannan a matsayin hanyarmu ba. Kuɗinmu ɗaya da ƙasashe bakwai, babban bankinmu ɗaya, kuma akwai ƴan ƙasa da ba su nemi a sauya musu ba. Tsarin biyu zai zauna. Abin nema shi ne kada wanda ya zaɓi gudun riba ya biya tarar zaɓinsa, kada kuma a sayar masa da suna kawai.

Mafi yawan gyaran ba ya buƙatar jiran Dakar ko Abijan. Dokar kasafin kuɗi ta shekara guda ta isa ta tabbatar, da kalmomin da kowane jami'in haraji zai gane, cewa murabaha da ijara haraji ɗaya ke kansu. Dokar tsarin shari'a da ta zaunar da masanin al'ada kusa da alƙali a shari'ar gado tana iya zaunar da masanin fiƙihun ciniki a shari'ar banki, tun daga kotun kasuwanci ta Yamai har ƙananan kotuna. Abin da ya shafi OHADA da majalisar malamai guda mai yanke magana ga yankin duka, Nijar ce ta fi cancanta ta ɗauke shi ta kai teburin, tunda kusan duk al'ummarta abin ya shafa.

Malamanmu na Magarya da Dungas, Allah ya gafarta muku, wa'azi a kan haramcin riba ya isa kunnen kowa, har ya hana mutane shiga banki. Saura ku karɓi takardar yarjejeniyar da ake ba mabiyanku, a fassara muku ita daga Faransanci, ku duba ta layi-layi. Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar sa hannu, kafin ka dangwala yatsa ka tambayi ma'aikacin banki abu uku: da sunan wa aka yanke rasit ɗin kayan, ina tarar jinkiri take zuwa, kuma wace kotu aka rubuta a shafin ƙarshe.